Yadda Ake Shirya wa Zuwan 'Yan Sanda Duba Kabad ɗin Bindiga a Birtaniya

Ranar da jami'in ya fara zuwa gidana ko bindigar ban saya ba tukuna. Ya tsaya gaban kabad ɗin ƙarfen da na kafe a lungun ɗakin kwana, ya kama samansa da hannu biyu ya jijjiga iya ƙarfinsa, sannan ya durƙusa ya zura yatsa tsakanin bayan kabad ɗin da bango. Yatsan ya shige. Ya ɗago ya ce mini, duk inda yatsa ya samu hanya, ƙarfen da ɓarawo ke ɓanɓare ƙofa da shi ma zai samu. Katakon nan da ake bi da shi gindin bango a gidajen Turawa shi ya hana kabad ɗin mannewa, ni kuma ban lura ba. Sai da na kwance ƙusoshin, na yanke katakon daidai faɗin kabad ɗin, na sake ɗaurewa, kafin maganar lasisina ta ci gaba.

Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a Ingila, Wales ko Sikotland, waɗanda sha'awar farauta ko wasan harbin faifan yumɓu ta sa suke neman lasisi. Ireland ta Arewa tana da nata tsarin daban, ba a kansa nake magana ba.

Abin da doka ta ɗora maka

Tushen komai shi ne Dokar Makamai ta 1968. Lasisi iri biyu ne ya shafe mu. Akwai na bindigar harbin tsuntsu, wadda cikin bututunta sumul yake, tsawonsa bai gaza inci 24 ba, kuma ma'ajiyar harsashinta ba ta ɗaukar fiye da biyu. Akwai kuma na raifil da ire-irenta, wanda ya fi tsauri, don kowace bindiga sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalilin mallakarta, kuma a rubuta maka yawan harsashin da aka yarda ka ajiye. Kowannensu shekara 5 yake yi.

A jikin takardar lasisin an buga sharuɗɗan da ƙa'idojin 1998 suka shimfiɗa. Wanda ya kawo jami'i gidanka shi ne mai cewa dole a adana bindiga ta yadda, gwargwadon iyawa, wanda ba shi da izini ba zai kai gare ta ba. Ka lura da kalmar: wanda ba shi da izini. Ba a ce ɓarawo kaɗai ba. Matarka, ɗanka, ƙaninka da ya zo hutu, duk suna ciki matuƙar ba su da lasisin da ya shafi wannan bindiga. Saɓa sharaɗin laifi ne da zai iya kaiwa ga ɗaurin wata 6 ko biyan tara, ban da ƙwace lasisi.

Tsaurin nan da jini aka rubuta shi. Bayan kisan da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford na Ingila a 1987 aka yi wa dokar gyara a 1988. Bayan harin garin Dunblane na Sikotland, inda aka kashe yara 16 da malamarsu a watan Maris na 1996, aka hana mallakar kusan duk ƙananan bindigogin hannu. Bayan abin da ya faru a Plymouth a watan Agustan 2021, inda mai lasisi ya kashe mutum 5, sabon kundin umarni ga shugabannin 'yan sanda ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamba, wanda ya wajabta kawo bayanin likita kafin a ba da lasisi. Duk waɗannan maharan da bindigogin da hukuma ta ba su izinin riƙewa suka yi aika-aikar. Idan ka san haka, tambayoyin jami'in ba za su ɓata maka rai ba.

Sayen kabad

Doka ba ta ce lallai sai kabad ba, amma shi ne hanyar da littafin tsaron makamai na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, bugun 2020, ya fi ba da shawara, kuma shi jami'i ke sa ran gani. Ka nemi wanda aka ƙera bisa mizanin BS 7558 na 1992: ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 2, walda ta bi gaɓoɓinsa, hinjin ƙofar a ɓoye ko a kare, makullai masu ƙarfi irin na sef. Gwajin da ake masa shi ne ya jure wa mai ɓalle shi da kayan aikin hannu na tsawon minti 5.

Shawara ɗaya kan girma: wanda aka rubuta wa "na bindiga uku" da ƙyar yake ɗaukar biyu idan ɗaya tana da madubin hange. Ka sayi wanda ya fi buƙatarka ta yau, don sake huda bango bayan shekara guda wahala ce. Idan raifil kake nema, ka ɗauki mai ƙaramin ɗaki a sama da makullinsa daban, saboda harsashi. Na hannu ma ba laifi, amma ka tabbata an ba ka duk makullan da ya zo da su. Idan mai sayarwa ya ce ɗaya ya ɓata, ka canja kwaɗon gaba ɗaya ko ka haƙura da cinikin.

Inda za ka kafe shi, da yadda za ka kafe shi

A nan aka fi faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Wurin ya kasance cikin gidan da ake kwana, inda baƙo ba zai gani ba idan ya shigo falo, kuma mai leƙe ta taga ba zai hango ba. Cikin wadirob na ɗakin kwana, ƙarƙashin matakalar bene, ɗakin ajiyar kaya, duk ana yi. Gareji da rumfar bayan gida ba a son su sai in babu yadda za a yi, kuma a nan za a nemi ƙarin tsaro. Can sama ƙarƙashin rufi ɓoyayyen wuri ne, amma ina ganin kuskure ne ga yawancin mutane: ranar da ka dawo daga daji a gajiye, jiƙe da ruwan sama, hawa tsani zai yi maka nauyi, ka ce bari ka jingine ta bayan ƙofa zuwa safiya. Ka zaɓi inda mayar da bindiga ba zai zama aiki ba.

Sai bango. Ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Idan ya yi ƙara kamar ganga, allon filasta ne a kan katako, irin wanda ya cika sabbin gidaje, kuma shi kaɗai ba zai riƙe kabad ba. Abin da ake nema jan bulo ne, ko bulon siminti, ko kankare. Bangon da ya raba ka da waje ko da maƙwabci ya fi yiwuwa ya zama haka.

Ka jingina kabad ɗin inda kake so, ka duba ko katakon gindin bango ya tokare shi. Idan ya tokare, ko ka yanke katakon, ko ka ɗora kabad ɗin a kan dakali mai ƙarfi ya haye samansa. Ka sa fensir ta ramukan da ke bayansa ka yi alama a bango, ka janye shi. Kafin ka huda, ka bi wurin da na'urar gano waya da bututu, don wayar lantarki takan bi ta cikin bango sama ko ƙasa da soket. Ka huda da bakin da ya dace da ƙusar, ka busa ƙurar ramin ta fita tas. A bulo mai tauri, ƙusa mai buɗewa a cikin rami idan an ɗaure ta ita ce daidai. A bulo mai taushi da ke marmashewa, sai ka yi amfani da sandar ƙarfe mai zare da gam ɗin nan na musamman da ake ɗurawa a rami ya daskare, ka kuma ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin ka ɗaure noti. Ka sa babban wosha ta ciki, ka yi amfani da duk ramukan da maƙerin ya tanada, ba biyu kawai ba.

Idan gidan duk allo ne, akwai mafita. Ana kwantar da kabad a ƙasa a ɗaure shi da dogayen sukurori cikin manyan katakan da ke ɗauke da daɓen, ba cikin siraran allunan sama ba. Ana kuma kafe shi a daɓen kankare. In ka samu kusurwa, ka sa gefen da makullin yake ya matsu da bango, don mai son zura ƙarfe ya rasa wurin motsa hannu.

Mai zaman haya ya duba yarjejeniyarsa, ya nemi izinin huda bango a rubuce. Kuma idan kana shakkar wurin da ka zaɓa, ka kira sashen lasisin makamai na rundunar yankinka kafin ka taɓa bango. Sun fi son tambaya kafin aiki.

Da ka gama, ka yi masa abin da jami'in zai yi: ka rungume shi ka ja. Ko kaɗan kada ya motsa.

Makulli

Ga abin da na fi so ka riƙe cikin duk wannan rubutu. Kabad ɗin da ya fi kowanne ƙarfi bai da amfani idan wani ya san inda makullinsa yake.

Akwai shari'ar da masu bindiga a ƙasar nan suka sani sarai. Wani lauya a yankin Essex ya gaya wa mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara 81, inda yake ajiye makullin kabad ɗinsa. Ba wanda ya zarge ta da niyyar taɓa bindiga. Duk da haka 'yan sanda suka ƙi sabunta masa lasisi, magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a shekarar 2000, kotu ta goyi bayan 'yan sanda. Sanin wurin makulli kaɗai ya isa a ce ta samu hanyar kaiwa ga bindiga.

Wannan ya fi yi mana wuya fiye da Turawa, saboda yadda muke zama. Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi: ɗan yaya ya zo karatu ya zauna wata uku kafin ya samu ɗaki, surukai sun zo jego, yaran maƙwabta suna shiga ko'ina. Kuma a tarbiyyarmu, ɓoye wa uwargida wurin makulli yana kama da rashin yarda. Ni zama na yi da tawa na karanta mata sharaɗin daga jikin takardar. Ta ce, "Wato ko ni ma, Abban yara?" Na ce ko ke, kuma wannan kariya ce gare ki, don duk ranar da aka tambaye ki za ki amsa da gaskiya cewa ba ki sani ba. Ta fahimta nan take. Jami'i yana iya tambayarta, wani lokaci cikin hira kamar ba komai, kuma amsar da ake so ita ce ta gaskiya.

Kada ka haɗa makullin kabad da na mota da na gida a zobe ɗaya da kake jefawa kan tebur. Kada ka sa shi saman kabad ɗin, ko cikin aljihun rigar da ke rataye kusa da shi, ko durowar gefen gado. Nan ɓarawo ke fara dubawa, nan kuma yaro ke fara gani. Mutane da yawa suna sayen ƙaramin sef mai lambobi su kafe shi a wani ɗaki daban, lambar tana kansu su kaɗai. Makullin ajiya ma haka za a yi masa. Idan ku biyu ne masu lasisi a gida kuna amfani da kabad ɗaya, ko dai kowace bindiga ta kasance a rubuce a takardun ku biyun, ko kowa ya kulle tasa daban a ciki da sarƙa ko waya ta ƙarfe.

Harsashin raifil dole a kulle shi, kuma an fi so a raba shi da bindigar. Idan sakatar raifil ɗin tana cirewa, ka cire ka ajiye ta tare da harsashi. Harsashin bindigar tsuntsu na yau da kullum sharaɗin bai ambace shi ba, amma ni ina kulle nawa, kuma ban ga dalilin da mai yara a gida zai bar shi a fili ba.

Ranar ziyara

Wanda zai zo shi ne jami'in binciken makamai, wanda suke kira FEO a taƙaice. Sau da yawa ba ya cikin kaki, kuma da yawansu tsoffin 'yan sanda ne da suka yi ritaya suka dawo aikin a matsayin farar hula. Ga mai nema karo na farko ziyarar gida dole ce, kuma yakan kira ku tsayar da rana. Idan lokacin da ya faɗa ya ci karo da sallar Juma'a ko aikinka, ka faɗa masa, za a canja. Ka sanar da iyalinka tun da wuri cewa baƙo namiji zai shiga har ɗakin kwana idan can kabad ɗin yake, don su kimtsa.

Da ya iso, ka nemi ganin katin shaidarsa kafin ya shigo. Ba rashin kunya ba ne, shi kansa yana ganin hakan alamar natsuwa ce.

Ka tanadi takardunka a wuri ɗaya: kwafin fom ɗin da ka cike, shaidar ƙungiyar harbi idan kana cikin wata, takardar izinin mai gona idan a gonar wani za ka yi harbi. Zai zauna da kai ya bi fom ɗin layi-layi. Zai tambayi su wa ke kwana a gidan, ko akwai mai tsohon laifi a cikinsu, yaya lafiyarka, kana shan giya ko wani magani, yaya zamanku da iyali. Yana iya neman ganawa da matarka ita kaɗai. Game da tsohon laifi, dokar a fili take: wanda aka yanke wa ɗaurin wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3 ba zai taɓa bindiga ba sai bayan shekara 5, wanda aka yanke wa shekara 3 ko fiye kuwa har abada. Idan irin wannan mutum yana zaune tare da kai, ka faɗa da bakinka. Haka duk wani abu da ya taɓa haɗa ka da hukuma, ko da laifin tuƙi ne, ko da ka ɗauka ya wuce. Sun riga sun duba kafin su zo, kuma yin ƙarya don samun lasisi laifi ne mai zaman kansa. Ciwon damuwa da aka yi magani aka warke ba lallai ya hana ka ba. Ɓoye shi ne zai hana ka.

Daga nan sai zagayen gida. Zai duba ƙofar gaba da ta baya, makullan tagogin ƙasa, ko akwai ƙararrawar ɓarayi. Littafin 2020 ya kasa tsaro hawa uku. Yawancin masu bindiga ɗaya ko biyu a unguwa mai kwanciyar hankali hawa na farko ya ishe su, wato kabad mai kyau da ƙofofi da tagogi masu kulluwa. Idan unguwar ana yawan fasa gidaje, ko gidan yakan daɗe ba kowa, ko bindigogin suna da yawa, sai a nemi ƙari kamar ƙararrawa.

Idan ya ce ka buɗe kabad, ka bar shi inda yake ka je ka ɗauko makullin kai kaɗai. Shi ma ba sai ya ga maɓoyar ba.

Ga mai sabuntawa, wanda bindigoginsa suna ciki, akwai ladabin miƙa bindiga. Ka fito da su ɗaya bayan ɗaya, bakin yana kallon inda ba mutum, yatsanka nesa da kunama. Ka karya ta ko ka ja sakata, ka duba da idonka babu harsashi, ka nuna masa, sannan ka miƙa a buɗe. Zai karanta lambar da ke jikinta ya gwada da ta takarda, ya ƙirga harsashin raifil ya ga bai wuce abin da aka rubuta maka ba. Ka yi wannan ƙirgar da kanka kwana ɗaya kafin ya zo. Kuskuren lamba ɗaya da dillali ya yi wajen rubutu gara kai ka gano shi ka kira su.

Idan ya ga gyara, yakan faɗa maka abin da za ka yi, ya dawo ya duba ko ya ce ka aika hoto. Ba shi ke yanke hukunci ba, rahoto yake rubutawa ofis ya duba. Idan aka hana ka ko aka soke lasisinka, kana da kwana 21 ka ɗaukaka ƙara, a Kotun Crown idan a Ingila ko Wales kake, a kotun Sheriff idan a Sikotland.

Idan sun zo ba sanarwa

Tun watan Oktoban 2014 umarnin Ma'aikatar Cikin Gida ya ba 'yan sanda damar zuwa gidan mai lasisi ba tare da sun sanar ba, idan suna da wani takamaiman dalili na damuwa. Wannan bai zama izinin kutsawa ba. Shiga da ƙarfi don bincike a ƙarƙashin dokar 1968 yana buƙatar waranti daga kotu. Amma ƙin buɗe ƙofa ba dalili zai shiga cikin abin da za a auna ka da shi. Abin yi shi ne ka karɓi katinsa, ka rufe ƙofa, ka kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ka tabbatar rundunar ce ta aiko shi, sannan ka shigo da shi. Ka koya wa mutanen gida cewa idan ba ka nan, su karɓi suna da lambar waya su ce za ka kira. Kada su kai kowa wurin kabad, ko da yana cikin kaki.

Bayan an ba ka

Ka sa hannu a takardar da biro da zarar ta iso, don wannan ma sharaɗi ne. Duk bindigar da ka saya ko ka sayar, ka sanar da 'yan sanda cikin kwana 7. Sata ko ɓata ma kwana 7 ne iyaka, amma a take ya kamata ka kira. Idan ka tashi daga gida, ka sanar ba jinkiri, kuma ka sa ran za a zo duba sabon wurin.

Sabuntawa kan ɗauki lokaci, musamman samun takardar likita. Idan takardunka suka isa gare su aƙalla mako 8 kafin lasisin ya ƙare, doka tana ƙara maka har mako 8 kai tsaye in ba su gama ba. Idan ya ƙare bindiga tana gidanka ba tare da wani izini ba, ka shiga laifi. A watan Fabrairun 2025 an ɗaga kuɗin: sabon lasisin bindigar tsuntsu ya koma fam 194, sabuntawa fam 126, na raifil fam 198 da fam 131. Daga Agustan shekarar kuma, mai neman na bindigar tsuntsu ma sai ya kawo mutum biyu da za su shaide shi, ba ɗaya ba kamar da, waɗanda suka san shi aƙalla shekara 2 kuma ba danginsa ba.

Sai maganar tafiya. Mu mukan rufe gida mu tafi ganin gida na wata ɗaya ko biyu, ko aikin Hajji, kuma duk unguwa ta san ba ma nan. Kada ka bar wa maƙwabci ko ɗan'uwa makullin kabad don ya riƙa dubawa. Ka kai bindigogin shagon dillalin makamai mai rajista ya ajiye maka, ka biya ɗan kuɗin ajiya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowace bindiga. Kafin ka kai, ka goge su ka shafa mai, ka duba ranar ƙarewar lasisinka don kada ta faɗo kana can.